Murhun Icce Na Ɗumama Ruwan Kwamin Ninƙaya Lokacin Hunturu

Duk wanda ya gina kwamin ninƙaya a bayan gidansa a Sakkwato, zafin Afrilu ne ya sa shi, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, ko inuwa ba ta da daɗin zama. Ba ya tunawa da Disamba. Sai hunturu ya kankama, iska ta taso daga arewa maso gabas da ƙurarta, sanyin dare ya riƙa sauka zuwa digiri 15 ko ƙasa da haka, sannan ruwan ya koma abin kallo. Yara su tsoma yatsa su janye, kwami ya yi wata biyu ko uku ba mai shiga, ganye da ƙura na taruwa a kai. Sana'ata aikin famfo ce, kuma a 'yan shekarun nan ina haɗa wa mutane murhun da ke ɗumama irin wannan ruwa da icce. Ba wani abu ne mai wuya ba: duro ɗaya, bututun jan ƙarfe a naɗe a cikinsa, da ƙaramin injin da ke tura ruwa. Amma ina roƙon mai karatu kada ya yi tsalle zuwa wajen yankan duro, domin lissafin da ke tafe shi zai gaya masa ko aikin ya cancanci iccen da zai ci.

Mu yi lissafin da yunit, irin wanda muke saye a mitar lantarki, tunda kowa ya san shi. Lita 1,000 na ruwa na buƙatar yunit 1.16 kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya. Ɗauki kwami mai tsawon mita 4, faɗin mita 3, zurfin mita 1. Lita 12,000 ke nan, kowane digiri ɗaya zai ci yunit 14. A tsakiyar Janairu, in na tsoma ma'auni da safe cikin kwamin da ya kwana a buɗe, abin da nake gani bai cika wuce digiri 20 ko 21 ba. Jiki kuwa ba ya sakewa cikin ruwa sai ya kai 26 zuwa 28. A ce digiri 5 kake nema a ƙalla, yunit 70 ke nan. Kilo ɗaya na busasshen icce na ɗauke da kimanin yunit 4, amma murhun ƙirar hannu irin namu, in ya yi kyau ƙwarai, rabi yake kai wa ruwa, sauran ya bi hayaƙi da jikin duro. Saboda haka kilo 35 na icce za ka ƙona, in kuwa murhun bai ƙeru da kyau ba, ya haura 50. Wannan fa na ɗagawar farko ne kawai.

Sai tambayar da ta fi wannan nauyi: ina zafin yake tafiya bayan ka sha wahalar sa shi? Kwami a hunturu babbar randa ce. Abin da ke sanyaya ruwan randa shi ne ɗan ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta iska na busar da shi, kuma duk litar da ta bushe da zafi take tafiya, kusan kashi biyu cikin uku na yunit. Iskar hunturu busasshiya ce ƙarau, ga ta da ƙarfi, shan ruwa take yi dare da rana. Gwada da kanka. Sa alama da alli a daidai bakin ruwa yau, ka dawo gobe war haka. In ya sauka da rabin santimita a kwamin da muka ɗauka, lita 60 ta tafi, ta kwashe yunit 40. Kusan digiri 3 ke nan, wato iccen kilo 20 ya bi iska kana barci.

Shi ya sa abin da nake fara sa mutum ya saya marufi ne. Tamfol ko leda mai kauri, a shimfiɗe a kan ruwan kansa, yana taɓa shi ko'ina. In aka ɗaure shi a sama aka bar rata, iska za ta bi ta ƙarƙashi ta ci gaba da aikinta. Ledar nan mai ƙananan kumfa da ake naɗe kaya da ita, in an samu mai kauri, ta fi kowanne, don tana tare iska kuma tana barin hasken rana ya shiga. Rana kuwa Allah ya hore mana ita. Kowace murabba'in mita a ƙasarmu na samun yunit 5 zuwa 6 a yini, ko da yake hazo kan rage shi. A kan kwami mai murabba'in mita 12, wannan ya kai kusan abin da iccen kilo 35 ɗin nan zai ba ka. Wanda ya rufe ruwansa dare da rana, ya kafa zana ta gefen da iska ke bugowa, zai ga ma'auni ya ɗaga cikin 'yan kwanaki tun bai ƙyasta ashana ba. Mai sha'awar wannan fanni ya leƙa Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato da ke Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1982. Sun daɗe suna aiki a kan dafa ruwa da hasken rana da kuma murhu mai tsimin icce. Abu ɗaya da ba na yin shiru a kansa game da marufi: ƙaramin yaro na iya ɗaukar tamfol a matsayin daɓe ya taka, ya nutse ƙarƙashinsa ba wanda ya gani. Kwami mai marufi dole ya kasance bayan ƙofa mai kwaɗo.

Na tsawaita a nan ne saboda icce a wurinmu ba abin wasa ba ne. A bakin hamada muke, jiharmu na cikin jihohi 11 da aikin Babbar Ganuwar Itatuwa ya ratsa, kuma kowa na ganin nisan da masu icce ke ƙara yi kafin su cika mota. Raina ba ya son a sare marke ko ƙirya don yara su yi wanka. Murhun da zan bayyana yana cin sassaben dogon yaro da na mangwaro, guntayen katako daga wurin kafinta, karan dawa, totuwar masara. In babu irin waɗannan a kusa da kai, ka tsaya a marufi da rana.

Yanzu kayan aiki. Duro na ƙarfe mai lita 200, tsayinsa kusan santimita 88, faɗinsa kusan 57. Bututun jan ƙarfe mai taushi, wanda masu gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki ke aiki da shi, mai faɗin kashi uku cikin huɗu na inci. A naɗe yake zuwa, ƙunshi ɗaya mita 15, kuma ɗaya ya isa. Shi ne ya fi komai tsada a aikin, amma ka sayi sabo, don tsohon da aka ciro daga inji yana da mai a cikinsa, kuma ruwan wanka ne zai bi ta ciki. Sai rodi mai milimita 12 na yin raga, guntun faranti na ƙarfe, bututun hayaƙi mai inci 4 ko 5 da ya kai mita 2, jan bulo ko tubali, yumɓu, injin ruwa mai rabin doki, bawul mai hana ruwa komawa baya, da ma'aunin zafi. Kada fayif mai farin shafe, irin na tsofaffin famfunan gida, ya shiga cikin wuta: shafen yana ƙonewa ya ba da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Lagireton tsohuwar mota ma a bar shi. Wanda jan ƙarfe ya fi ƙarfinsa yana iya sa mai walda ya haɗa masa baƙin fayif, hawa-hawa, sai dai ya san zai riƙa ganin tsatsa a ruwa.

Duro shi ne wuri na farko da mutum zai iya rasa ransa. Wanda aka taɓa zuba fetur, ko tina, ko wani sinadari, yana riƙe tururinsa ko ya shekara a bushe, tartsatsi ɗaya ya ishe shi fashewa. Akwai wani dattijon maƙeri a Maƙera Assada da nake kai wa irin wannan aiki. Ko da wane duro na je masa, sai ya buɗe murfin ya sansana ya dube ni.

"Mi anka zuba cikinai?"

"Baba, mai sayarwa ya ce man gyaɗa ne."

"Ya ce. Cika min shi da ruwa har wuya, kana mu yi magana."

Haka ake yi. A wanke da omo, a cika da ruwa, a yanke murfin sama ruwan na ciki. In saman ya buɗe an zubar an sake wankewa, sauran yanka ba shi da haɗari. A ajiye murfin, za a mayar da shi. Sannan a hura wuta a ciki a fili, nesa da mutane, fentin jiki ya ƙone gaba ɗaya.

Duron a tsaye zai zauna, bisa jan bulo. Daga gindinsa a auna santimita 12, nan ragar rodi za ta zauna, a bar ratar yatsa ɗaya tsakanin sanduna don toka ta zuba. Ƙarƙashin raga a yanka ƙaramar taga ta shigar iska da kwasar toka, faɗin tafin hannu biyu. Bisa raga a yanka ƙofar icce, santimita 25 kowane gefe, a mayar mata da ƙarfen da aka yanke a matsayin ƙyaure. Ita ma tagar iska a yi mata abin turawa, don da ita ake ƙara wuta da rage ta. Ƙarfen duro siriri ne, wuta na cinye shi da wuri in an bar shi tsirara, don haka a yaɓe cikin ɗakin wutar da yumɓu da aka cuɗa da yashi da buntun shinkafa, kaurin yatsa uku. A bar shi ya sha iska a inuwa har ya bushe sarai kafin a nuna masa wuta, wutar farko kuma ta zama 'yar kaɗan. Bulon siminti ba ya jure wuta, tsagewa yake yi. Ta waje ma, in ka kewaye duron da ginin laka, zafin da zai bi iska ya ragu, yaro kuma ba zai jingina da ƙarfe mai zafi ba.

Naɗin bututu shi ne aikin da ke son haƙuri. Jan ƙarfe in aka lanƙwasa shi haka nan yakan karye ya maƙure, kuma wurin da ya maƙure nan ruwa zai riƙa tsayawa yana tafasa. Maganinsa yashi. A samo mai laushi, a tankaɗe, a shanya har ya zama yana zuba daga hannu ba ya dunƙulewa. A warware bututun a hankali a tsakar gida, a toshe baki ɗaya, mutum ɗaya ya hau bene ko tsani da ɗaya bakin da mazurari, wani a ƙasa yana bubbuga jikin bututun da guntun icce. Za ka ji sautin yana sauyawa daga ƙasa zuwa sama yayin da yake cika. In ya cika maƙil a toshe. Sannan a samo tukunyar gas mai kilo 12.5 wadda babu komai cikinta, faɗinta kusan santimita 30 ne, a tsayar da ita. A bar mita ɗaya na bututun a miƙe, a fara naɗawa daga nan. Mutum ɗaya ya danne, ɗaya ya riƙa zagayawa yana jan bututun a jikin tukunyar, ba fizga, ba gaggawa. Kowane zagaye na cin kusan mita ɗaya, za a samu 12 ko 13, a bar wata mitar a miƙe a ƙarshe. A zare tukunyar, a buɗe bakuna, a riƙa mirgina naɗin ana bubbugawa har yashin ya fita, a bi shi da ruwa mai ƙarfi. Yashi mai laima ba ya fita, shi ya sa na nace a kan shanya.

A ɗan ja naɗin ya buɗe, ratar yatsa ɗaya tsakanin zagaye da zagaye, don harshen wuta ya ratsa. Dole bututun ya riƙa hawa sama zagaye bayan zagaye, tun daga shiga har fita, ba inda zai yi kwari. Iska da tururi sama suke nema, in suka samu tudu a tsakiya nan za su maƙale su tare hanya. Mai walda ya kafa rodi uku a tsaye cikin duron, a ɗaure naɗin a jikinsu da wayar jan ƙarfe. Zagayen ƙasa ya fara kamar santimita 25 bisa raga. A huda duron wuri biyu, ɗaya ƙasa ɗaya sama, a fitar da bakunan, a cusa yumɓu a kewayensu don kaifin ƙarfe kada ya ci bututun. Kada a bar wani haɗi a cikin wuta. Jan ƙarfe sai ya kai digiri 1,085 yake narkewa, amma dalmar liƙi tun wajen digiri 200 take sakewa. Duk haɗi a waje, kuma mai gyaran firji ya fi kowa iya shi.

Ga ɗan abin da ke raba murhu mai cin icce da mai tsimi. In aka bar tsakiyar naɗin a buɗe, wuta za ta miƙe ta ciki ta fice ta bututun hayaƙi ba ta gaisa da jan ƙarfen ba. A yanka faranti mai kewaye, ɗan ƙasa da faɗin naɗin, a ɗora shi ya toshe tsakiyar daga sama. Wuta in ta taso ta buge shi, dole ta fantsama ta bi ta ratar bututun kafin ta samu hanya. Daga nan a mayar da murfi, da bututun hayaƙi a tsakiyarsa, a sa masa 'yar raga a baki saboda tartsatsi. Murfin ya zama mai ɗaguwa, kada a yi masa walda.

Wurin kafawa ma abin dubawa ne. Tunda iskar hunturu daga arewa maso gabas take, murhun ya zauna kudu maso yammacin kwami, hayaƙi da toka su yi gaba. A fili, ba cikin ɗaki ko rumfa rufaffiya ba, domin garwashi na fitar da iska mai kisa wadda ba ta da wari. A dubi abin da ke kewaye: zana, danni, harawa da aka jibge bisa rufi, rumbun maƙwabci. Lokacin gobara ne. A dubi kuma tagar maƙwabci, in hayaƙin zai shiga ɗakinsa a ƙara tsawon bututun.

Haɗin ruwa kuwa, ga tsarinsa. Tiyo mai rariya a baki ya ɗauko ruwa daga ƙasan kwami, inda ya fi sanyi, ya kai wa inji. Inji ya tura ta bawul mai hana komawa, ruwa ya shiga naɗin ta bakin ƙasa, ya fito ta na sama, ya koma kwami ta ɗaya ƙarshen. Injin kullum a gefen sanyi yake. A gefen fita, mita biyun farko su zama ƙarfe, don farin fayif na roba tun wajen digiri 60 yake fara laushi. Bakin fitar kuma ya tsaya ɗan sama da ruwa, inda ido zai riƙa ganin zubarsa daga wurin murhu.

A kan bakin fitar nan ba a sa bawul, ba a sa kan famfo, ba a sa komai da hannu zai iya rufewa. Ko mai gida ya roƙe ni ba na sawa. Ruwa in ya zama tururi yana kumbura fiye da sau 1,600, in ya rasa mafita bututun ne zai yi masa ita, a gaban wanda ke tsugune yana tura icce. Mai son rage gudun ruwa ya rage daga gefen shiga. Ni dai shawarata kada a rage.

Dalili kuwa, mutane da yawa suna auna kyan murhu da zafin ruwan da ke fita. Na haɗa wa kawuna ɗaya, wanda likita ya ce ya riƙa motsa gwiwoyinsa cikin ruwa. Ran da muka hura, ya tara hannu a bakin bututu ya girgiza kai.

"Kai ɗana, wanga ruwa ai bai yi zahi ba. Rage gudunai shi daɗe cikin wuta."

Na ce, "Kawu, Allah shi ba ka haƙuri, bari mu auna tukuna."

Muka tara jarka mai lita 25, ta cika cikin minti ɗaya da daƙiƙa 15, wato lita 20 a minti. Ruwan shiga digiri 21, na fita 28. Lissafin ba wuya: litar minti ɗaya, sau bambancin zafi, sau 0.07, shi ne yunit ɗin da kwami ke samu a awa. 20 sau 7 sau 0.07, kusan yunit 10. In ka rage gudun zuwa lita 5, ruwan zai fito da zafin da hannu zai yaba, amma jimillar ba za ta ƙaru ba, raguwa ma za ta yi, don bututu mai sanyi ya fi mai zafi jan zafin wuta. Ga haɗarin tafasa, ga ƙuna, tunda ruwa mai digiri 60 cikin 'yan daƙiƙoƙi yake saɓule fata. Ruwan fita ya zama ɗumi wanda za ka iya barin hannunka a ciki. Da yunit 10 a awa, kwamin lita 12,000 na buƙatar kamar awa 7 ranar farko. In ana rufe shi, kwanakin da ke biye awa 2 ko 3 sun wadatar.

Ka'idar hurawa guda ce: inji kafin wuta, wuta ta mutu kafin inji. Ka kunna, ka ga ruwa na zuba ba ya tari, sannan ka ƙyasta. In an gama, a bar injin yana aiki har garwashi ya huce. Wuta ƙarama mai haske, da ƙananan faskare ana ƙarawa a kai a kai, ta fi a cusa gungume a rufe. Hayaƙi mai duhu alama ce ta ɗanyen icce ko ƙarancin iska. Taya, leda, katako mai fenti da tumfafiya ba sa shiga.

To in aka ɗauke wutar lantarki fa, murhu na ci? Wannan sai an shirya masa tun ranar haɗi, don ruwan da ke cikin naɗin bai wuce lita 3 zuwa 4 ba, kafin ka nemo makullin janareta ya tafasa. Abin da nake yi shi ne in jawo layi daga tankin sama na gida, in haɗa shi tsakanin bawul mai hana komawa da bakin shiga, da makunninsa kusa da hannu. Inji na tsayawa, a buɗe, ruwan tanki ya gangaro ya bi naɗin da kansa, a samu sararin janye iccen da shebur a zuba yashi. Shebur da bokitin yashi su kwana a wurin. In kuwa an makara har bututu ya fara harbin tururi yana ƙara, kada a tura masa ruwan sanyi, kuma kada kowa ya tsaya kusa da bakin fita. A janye wuta, a ja baya, a bar shi ya huce. Murhu na ci, babba na wurin. Ba aikin da za a bar wa yaro ba ne a tafi kasuwa.

Injin kansa ya zauna a busasshen wuri mai tudu, da wayar ƙasa, da birekar nan mai yanke wuta in ta fara zurara, mai lamba 30. A gidajen da na yi wa aiki na kafa doka: ana hurawa, ba a shiga. A hura da hantsi, a kashe komai, a yi wanka bayan la'asar lokacin da ruwan ya fi ɗumi, a rufe kafin magariba.

Wanda kwaminsa a kan ƙasa aka gina shi da bulo, ko na tamfol ne bisa dakali, yana iya rabuwa da inji gaba ɗaya. Ruwan zafi ya fi na sanyi rashin nauyi, da kansa yake hawa. In aka haƙa rami aka saukar da murhun har saman naɗin ya zama ƙasa da bakin ruwan kwami, bututun sanyi ya fito daga gindin kwami zuwa bakin ƙasa, na zafi ya hau ba tare da kwari ba ya shiga kwamin ƙarƙashin bakin ruwa, zagayen zai yi ta tafiya muddin wuta na ci. Yana son bututu mai faɗi, inci ɗaya, da gajeriyar hanya, da wuta marar yawa, kuma ruwansa da zafi yake fita. Ga babban kwami ya yi sanyin jiki. Ga ƙarami, shi na fi so. Tsakani da Allah, in don tsoho ɗaya ko ƙananan yara ake wannan aiki, a gina ɗan kwami mai lita 1,000 a gefe. Ɗaga shi daga digiri 20 zuwa 35 yunit 17 ne da ɗoriya, iccen da bai kai kilo 10 ba.

Masu kiwon tarwaɗa sukan tambaye ni ko za su yi wa kifinsu irin wannan, tunda sanyi na hana shi cin abinci. Za a iya, amma ban da jan ƙarfe, ban da fayif mai farin shafe, duka biyun guba ne ga kifi. Sai bututun ƙarfen da ba ya tsatsa, kuma a ɗaga zafin sannu a hankali.

Kula da murhun ba shi da yawa. Bututu mai sanyi a cikin hayaƙi yana tara kunkunniya da wani baƙin danƙo, kuma ko siririn shafe ne yana tare zafi. Duk mako a ɗaga murfi a goge da burushin waya, a kwashe toka. In ka ga bambancin zafin shiga da fita ya ragu alhali wutar ba ta sauya ba, nan za ka fara dubawa. Ta ciki kuma, ƙasarmu ta farar ƙasa ce, ita ake haƙa a Kalambaina ana siminti, kuma ruwan wasu rijiyoyin burtsatse na barin farin ɓawo irin wanda ke kamawa a butar mai shayi. Ruwan da ba ya yin zafi sosai bai cika tara shi ba, amma in ya taru, a cika naɗin da ruwan lemun tsami ko ruwan khal, ya kwana, a wanke a zubar a waje. Mai sa kulorin, wato maganin tsabtace ruwa, ya riƙa sawa da yamma bayan an kashe inji, nesa da bakin tiyo, ya kuma riƙe awon tsamin ruwa, wanda ake kira pH, tsakanin 7.2 da 7.8, don ruwa mai tsami na cin jan ƙarfe ya bar kore a jikin kwami.

Wajen ƙarshen Fabrairu, in ka ga ma'auni na nuna 26 da safe ba tare da wuta ba, aikin murhu ya ƙare na bana. A kwance haɗin, a tsiyaye naɗin, a ciro shi a kai ɗaki a kulle, tunda jan ƙarfe abin nema ne. Duron kuma a kwashe tokarsa tas a rufe shi kafin damina, don toka in ta jiƙe ita ke huda gindinsa.